Gari Guda A Bayan Ɓawon Dodon-Koɗi

 

A watan da ya shige mun sami wata wasiƙa da ta faranta mana rai. Wani tsohon ɗalibin ajin yaƙi da jahilci ne ya aiko ta daga Legas, inda ya tafi cin rani. Shekara uku da suka wuce wannan bawan Allah ko sunansa ba ya iya rubutawa. Yau ga shi ya cika shafi guda da hannunsa, har da tambayar da ta sa mu kanmu muka koma bincike.

Ya ce ran wata Lahadi da ba su da aiki ya je bakin teku shan iska, sai ya tsinci ɓawon dodon-koɗi. A bayan ɓawon akwai wani farin abu da ya manne, mai ramuka jere reras kamar saƙar zuma, sai dai ramukan ƙanana ne ainun, da ƙyar ido ke rabe su. Da ya sa farce ya kankara, sai ya ji yana ɓarewa ƙaras-ƙaras kamar ɓawon ƙwai. Nan fa gardama ta kaure tsakanin abokan zamansa. Wani ya ce gishiri ne ya bushe. Wani ya ce ƙwan kifi ne. Na uku ya rantse gansakuka ce. Da gardama ta ƙi ƙarewa, sai ya naɗe ɓawon a takarda ya haɗo mana da wasiƙar, ya ce mu raba musu.

To malam, mun duba abin da madubin ƙara girma, kuma muna ba abokanka haƙuri, ba wanda ya canka. Abin da ka tsinta kufai ne. Gari ne guda wanda mazaunansa suka mutu suka bar ɗakunansu. Kowane rami da ka gani ɗakin wata 'yar dabba ce mai baki da ciki da 'yar ƙwaƙwalwarta. Ga labarinsu tun daga haihuwa har mutuwa.

WACE IRIN HALITTA CE?

Masana suna kiran waɗannan halittu Birayozowa. Wani Bajamushe mai suna Ehrenberg ne ya raɗa musu sunan a 1831, daga kalmomin Girkanci guda biyu masu ma'anar dabba mai kama da gansakuka. Ashe abokinka na uku ba shi kaɗai ne kama ta ruɗa ba. A wannan fili za mu riƙa ce musu dabbar gansakuka.

An san kimanin iri 6,000 da ke raye a yau, kuma mafi yawansu a teku suke. Ba su da ƙashin baya, kamar dai tana da dodon-koɗi. Suna mannewa a jikin duwatsu, da ɓawo, da ciyawar teku, da turakun gada, da gindin jirgin ruwa. Wasu sukan shimfiɗu kamar tabarma, irin wadda ka tsinta. Wasu sukan miƙe su yi rassa kamar ɗan tsiro. Wasu kuma kamar ganyen latas. Akwai su da yawa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Wata masaniya daga Ingila, Patricia Cook, ta fitar da bincike a 1985 a kan waɗanda ke gaɓar tekun Gana.

In ban da wasu 'yan ƙalilan, dabbar gansakuka ba ta zama ita kaɗai. Zaman gari take yi, ɗaki manne da ɗaki. Wani garin ɗakunansa 'yan gomomi ne, wani dubbai, wani ma ya haura miliyan. Za mu riƙa kiran kowace ɗaya mai ɗaki, taronsu kuma gari.

MAI ƊAKI DA ƊAKINSA

Tsawon mai ɗaki kimanin rabin milimita ne. Wato sai an jera wajen shida kafin su kai tsawon ƙwayar gero ɗaya. Shi yake gina ɗakinsa daga jikinsa, kuma yana manne da shi, ba ya fita yawo. Da yawansu da irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai suke ginin, shi ya sa ka ji ƙaras-ƙaras. Ɗakin yana da 'yar ƙofa guda, a wasu har da murfi.

In zai ci abinci, sai wasu tsokoki su matse ruwan da ke cikin jikinsa, kamar yadda ake matsa salka ruwa ya taso. Wannan matsi shi ke tura murfin, sai wasu 'yan yatsu sirara su fito su buɗe kamar mazurari. Bakinsa yana tsakiyar mazurarin daga ƙasa. Kowane yatsa yana da layin gashi ƙanana masu kaɗawa ba tsayawa. Kaɗawar nan ita ke jawo ruwa cikin mazurari, a tace ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa waɗanda ido ba ya gani, a tura su baki. Hanjinsa ya lanƙwasa kamar harafin U da kuka koya a aji, ya dawo sama, mafitar kashi ta buɗe a wajen mazurarin don kada ƙazanta ta gauraya da abinci.

Ba shi da zuciya, ba shi da huhu, ba shi da ƙoda. Saboda ƙanƙantarsa, iskar da ke narke a ruwa ta fatarsa take shiga. Ku riƙe wannan magana ta rashin ƙoda, za mu dawo kanta.

YADDA AKE HAIHUWARSU

Gari guda yana fitar da ƙwai, yana kuma fitar da irin namiji. A nau'o'i da yawa, mai ɗaki guda yakan fara zama namiji, daga baya ya koma mace. Tun da ba mai iya barin ɗakinsa, ruwa ne ɗan aike. Namijin yakan saki irinsa ta wasu ƙananan ƙofofi da ke kan 'yan yatsunsa. Ruwa ya kwashe shi, sai wani gari da ke kusa ya zuƙo shi tare da abinci, ya haɗu da ƙwai a cikin jikin macen. Manomi ya san irin wannan, don haka iska ke ɗaukar garin furen masara daga wannan gona zuwa waccan.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Bari mu ɗauki misali da nau'i biyu da masana suka fi nazari.

Na farko sunansa Membranifora, wanda ke shimfiɗa farar tabarma a kan manyan ganyayen ciyawar teku a ƙasashe masu sanyi. Shi ba ya raino. Yana zuba ƙananan ƙwai masu yawa a ruwa, kowa tasa ta fisshe shi.

Na biyu sunansa Bugula, mai rassa kamar ɗan tsiro, launinsa ja-ja mai duhu, wanda ya cika tashoshin jiragen ruwa a ƙasashe masu ɗumi. Shi goyo yake yi. A saman ƙofar ɗakin akwai wani ɗan ƙoƙo kamar hula, a nan ake ajiye ƙwai guda. Uwar tana ciyar da shi ta wata fata mai aiki irin na mabiyiya, har girmansa ya ninka wajen sau 500 kafin a sake shi.

ƊAN YAWO

Abin da ke fitowa daga ƙwan bai yi kama da iyayensa ba ko kaɗan, kamar yadda talibambam bai yi kama da kwaɗo ba. Wani ɗan mitsitsin abu ne mai gashi a kewaye, yana iyo. Za mu ce masa ɗan yawo, domin a yawancinsu wannan ne kaɗai lokacin da dabbar gansakuka ke tafiya a rayuwarta.

A da an ɗauka ƙwai ne kawai. A watan Maris na 1827 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a birnin Edinbara na ƙasar Birtaniya, mai suna Charles Darwin, ya tashi gaban wata ƙungiyar ɗalibai ya ba da labarin abin da ya gani a madubi. Ya ce abin da ake kira ƙwan Fulustira, wani nau'in dabbar gansakuka, yana motsi da kansa ta hanyar kaɗa gashi. A bakin teku ya samo abin ya duba, kamar yadda mai wasiƙarmu ya yi.

Ɗan yawon Membranifora yana da kusurwa uku, da ɓawo biyu masu haske, da baki da hanji. Yana ci da kansa, saboda haka yakan yi makonni yana bin ruwa, ya yi nisa da gida. Ɗan yawon Bugula kuwa dunƙulalle ne, ba baki ba hanji. Da guzurin da uwarsa ta ba shi yake tafiya, kuma 'yan awoyi kawai gare shi. In guzurin ya ƙare bai sami masauki ba, ya hallaka.

Ɗan yawo yana da jijiyoyinsa na kansa waɗanda suka dace da aikin tafiya. A ƙoƙon kansa akwai wani tulli mai jin motsi. Daga nan jijiya ta gangaro zuwa wata gaɓa a gabansa mai dogayen gashi, wadda yake lalube da ɗanɗana wuri da ita. Na Bugula har da 'yan ɗigo masu gane haske da duhu. Da farko haske yake bi, ya taso sama, igiyar ruwa ta ɗauke shi daga inda aka haife shi. Can an jima sai ya juya ya guji haske, ya nutsa yana neman inuwa a ƙarƙashin dutse ko katako.

Yakan sauka nan ya lalube, bai yi masa ba, ya tashi ya gwada can. Na Membranifora ya fi son sashen ganyen da bai tsufa ba, domin tsohon sashe ya kusa yagewa. Dole ya yi hattara, don zaɓin sau ɗaya ne. Inda ya manne, nan shi da zuriyarsa za su ƙare rayuwa.

KAFA GARI

In wuri ya yi masa, sai ya fito da wata jaka mai danƙo daga cikinsa ya liƙe kansa. Cikin 'yan mintoci kamanninsa sun sauya. Gashin iyo, da ɗigon gane haske, da jijiyoyin da suka kawo shi, duk sai su narke su zama abinci. Daga wasu 'yan ƙwayoyin halitta da suka rage ake sake gina sabon jiki: 'yan yatsu, da hanji, da sabuwar ƙwaƙwalwa. Talibambam in ya zama kwaɗo yana nan da ƙwaƙwalwarsa ta da. Wannan kuwa tsohuwar ta tafi tare da tafiyar. Cikin 'yan kwanaki ɗaki na farko ya ginu, mai shi ya buɗe ƙofa ya fara ci. Shi ne kakan gari. A Membranifora tagwaye ne ke kafa garin, ɗan yawo guda ya zama ɗaki biyu.

Daga nan ba a sake bukatar ƙwai don gari ya yaɗu. Toho ake yi, kamar yadda ayaba ke fitar da 'ya'ya a gindinta. Kakan ya tsiro da sabon ɗaki a gefensa, sabon ya tsiro da nasa, haka har gari ya cika. Saboda haka duk mazauna gari guda iri ɗaya ne sak, kamar tagwaye masu kama ɗaya. A lokacin ɗumi tabarmar Membranifora takan ƙara milimita da dama a yini guda.

Wanda ya sami irin wannan ɓawo ya duba da kyau. Zai ga layukan ɗakunan sun bazu daga wuri guda kamar haƙarƙarin lema. Wurin nan da suka taso shi ne ɗakin kaka. Na bakin gefe su ne 'yan auta.

RABON AIKI

A bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki akwai ƙananan ramuka. Wata igiya ta nama ta ratsa ta cikinsu ta haɗa kowa da maƙwabcinsa. Ta wannan igiya abinci ke wucewa daga masu ci zuwa sababbin toho da ba su buɗe ƙofa ba tukuna, da kuma masu goyo. Wannan ya ba wasu damar barin cin abinci gaba ɗaya su kama wani aiki.

Akwai dogarai. Su ba su da mazurari. Murfinsu ya zama muƙamuƙi mai ƙarfi, yana datse ƙananan tsutsotsi da ƙwarin ruwa da ke hawa kan gari. A wasu dangin Bugula siffarsu kamar kan tsuntsu ne a kan ɗan wuya, yana sunkuyawa yana ɗagowa. Darwin ya sake cin karo da irinsu a 1834 a tekun kudancin Amurka ta Kudu, ya kwatanta su da kan ungulu.

Akwai masu shara, waɗanda murfinsu ya zama dogon gashi guda yana share laka. A wani nau'i mai suna Selenariya da ke zaune kan yashi a tekun Ostareliya, garin dunƙulalle ne kamar maɓalli, kuma masu dogon gashin suna haɗa ƙarfi su ɗaga shi su yi tafiya da shi zuwa wajen haske. Akwai kuma waɗanda suka zama saiwa kawai, suna riƙe gari kada ruwa ya tafi da shi.

Gari yana shirin yaƙi ma. Wata masaniya a Amurka, Drew Harvell, ta nuna cewa in wani ɗan dodon-koɗi marar ɓawo mai cin Membranifora ya zo kusa, garin yana jin warinsa a ruwa, sai ya tsiro da ƙayoyi cikin kwana biyu ko ƙasa da haka. In ba maƙiyi ba ya yin su, domin yin ƙaya yana rage masa saurin girma.

JIJIYOYIN SAƘO

A Hausa kalmar jijiya tana ɗaukar abu biyu. Akwai jijiyar jini, wadda malamin asibiti ke nema in zai yi ƙarin ruwa. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke kai labari. In ka taka ƙaya, ita ke sanar da kai, ita kuma ke kai wa ƙafa umarni ta ɗaga. Saƙon da ɗan lantarki mai rauni ƙwarai yake tafiya. Dabbar gansakuka ba ta da ta jini, amma tana da ta saƙo.

Kowane mai ɗaki yana da ɗan ƙullin jijiyoyi a gindin mazurarinsa, tsakanin baki da mafitar kashi. Wannan ƙulli shi ne ƙwaƙwalwarsa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Ta wannan halitta, a nau'in da aka ƙirga, 'yan gomomi ne kacal, amma sun ishe ta. Daga ƙullin, wata jijiya ta zagaye baki kamar zobe. Daga zoben, jijiyoyi suka hau kowane yatsa. Wasu kuma suka gangara zuwa hanji, da tsokoki, da murfi, da bangon ɗaki.

Mai ɗaki ba shi da ido, ba shi da kunne. Da taɓawa yake sanin duniya. A jikin 'yan yatsun akwai wasu gashi na musamman waɗanda ba sa kaɗawa, aikinsu ji ne. In ƙwayar abinci ta taɓa su, sai yatsan ya lanƙwasa ya cilla ta baki. In tsakuwa ce ko abin da ba ya ciwuwa, a tunkuɗe shi waje. In kuwa haɗari ne, sai wata doguwar tsoka ta fizge mazurarin gaba ɗaya zuwa cikin ɗaki, murfi ya rufe. Wannan tsoka tana cikin mafiya sauri da aka taɓa aunawa a jikin dabba. Kafin ƙiftawar ido an gama.

SHIN MAƘWABTA SUNA JIN JUNA?

Masana sun daɗe suna gardama a kan wannan. Wasu sun ce kowane mai ɗaki harkar gabansa yake yi. A 1939 wani mai suna Hiller ya ba da labarin wani siririn zaren jijiya da ke zagaye gindin bangon kowane ɗaki. Daga baya wata Bafaransa, Geneviève Lutaud, ta yi shekaru tana rina jijiyoyin da shuɗin rini don su fito a madubi, ta nuna yadda zaren ke tashi daga ƙwaƙwalwar mai ɗaki, ya bi ta ramukan bango, ya haɗu da na maƙwabci. To amma ganin waya daban, jin magana a cikinta daban.

A 1975 wasu masana uku a Birtaniya, Thorpe da Shelton da Laverack, suka yi gwaji da Membranifora. Suka ɗora siraran wayoyi masu jin lantarki a kan garin. Da suka taɓa mazurarin mai ɗaki guda, shi kaɗai ya shige ciki, maƙwabta suka ci gaba da cin abincinsu. Da suka taɓa fatar rufin ɗakin kuwa, sai duk waɗanda ke kewaye da wurin suka shige a lokaci guda. A daidai wannan lokaci na'urarsu ta nuna saƙon lantarki yana ratsa gari daga ɗaki zuwa ɗaki, da saurin kimanin mita 1 a sakan ɗaya.

Ku lura da hikimar da ke nan. Abin da ya taɓa yatsa kawai, wataƙila ɗan datti ne, bai kai a tashi unguwa ba. Abin da ya taka rufin ɗaki kuwa, mai yiwuwa maƙiyi ne ke rarrafe a kan gari, dole a yi kururuwa. Kuma kururuwar ba ta game gari duka, na kusa ne ke ɓuya, na nesa su ci gaba da nema wa kowa abinci.

Wani abu kuma, a duk garin ba a sami wata babbar ƙwaƙwalwa guda mai ba da umarni ba. Ba sarki, ba mai unguwa. Kowa da tasa, zare ya haɗa su, shi ke nan.

MUTUWA DA SABUNTAWA

Yanzu mu koma kan maganar ƙoda. Tun da mai ɗaki ba shi da ita, dattin jiki yana taruwa a bangon cikinsa. Bayan 'yan makonni sai ya daina ci. 'Yan yatsun, da hanjin, har da ƙwaƙwalwar, duk su rushe su dunƙule su zama wani ɗan ƙwallo mai launin ƙasa-ƙasa. Wanda ya leƙa zai ce mai ɗakin ya mutu. Amma bangon ɗakin yana da rai, kuma maƙwabta suna turo abinci ta igiya. Daga bangon sai sabon toho ya fito, a sake gina yatsu da hanji da wata sabuwar ƙwaƙwalwa, ta haɗu da zaren gari. A wasu nau'o'in sabon hanjin yana haɗiye ƙwallon dattin ya fitar da shi a kashinsa na farko. A wasu kuma yana zama a lungun ɗaki, har a iya ƙirga su a san sau nawa aka sabunta.

Ke nan ƙwaƙwalwa a wurin wannan halitta kamar jinka ce, in ta tsufa a sauke a ɗora sabuwa, ɗaki yana nan. Garuruwa da yawa ba sa wuce shekara guda. Amma Fulustira ta tekun Turai takan kai shekara 12. Tana tsayar da girma a lokacin sanyi, sai layi ya fito a jikinta, da shi ake ƙirga shekarunta. In abinci ya yanke, ko laka ta binne gari, ko maƙiyi ya fi ƙarfinsa, sai naman ya ruɓe, farin gini ya saura. Shi ne kufan da aka aiko mana.

DANGINSU NA RUWAN DAƊI

Masu karatunmu da yawa ba su taɓa ganin teku ba. To akwai dangin wannan halitta a ruwan daɗi, waɗanda ba su kai iri 100 ba, kuma ana samun su har a tabkuna da kogunan Afirka. Jikinsu laushi gare shi, wasu kamar siraran saiwoyi, wasu kamar majina, manne a jikin itacen da ya nutse ko a bayan ganyen bado. Suna da wata dabara da yawancin na teku ba su da ita. Kafin ruwa ya ƙafe, sukan ƙulla wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri a cikin jikinsu. Gari ya mutu, ƙwayoyin su zauna cikin busasshiyar laka kamar yadda gaiwa ke yi, har ruwa ya dawo su tsage su kafa sabon gari. Wasu ƙwayoyin suna da ƙugiyoyi masu maƙalewa a gashin agwagwar ruwa, ta kai su wani tabki.

Mai son dubawa ya jawo ganyen da sanda ya sa a kwalba mai ruwa. Kada a tura yara cikin ruwan kwance saboda tsargiya.

AMFANI DA ILLA

Ta wajen illa, suna taruwa a gindin jirgin ruwa su rage masa gudu, ya ƙara shan mai. Suna toshe bututun ruwa. Jirage suna kai su inda ba a san su ba. A 1987 aka fara ganin Membranifora a gaɓar arewa maso gabashin Amurka, inda ta lulluɓe ciyawar teku, ganyayen suka riƙa karyewa in an yi guguwa, kifaye suka rasa mafaka. Robobi da kwalaben da muke zubarwa a rafi, in sun isa teku, su ma sukan zama kwalekwalen da ke ɗaukar su zuwa wata ƙasa.

Ta wajen amfani, suna tace ruwa, kuma ƙananan halittu da 'ya'yan kifi suna fakewa a cikin rassansu. Sannan akwai maganar magani. A 1968 wani masani na Jami'ar Jihar Arizona, George Pettit, ya fara binciken Bugula, a 1982 aka gane siffar wani sinadari da ke cikinta, aka sa masa suna burayostatin. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinta ne ke yin sa, kuma uwa tana sallamar ɗan yawonta da shi, in kifi ya kama shi sai ya tofar. Samunsa da wuya: an taɓa tara fiye da tan 12 na Bugula aka sami giram 18 kacal, wato bai kai nauyin ƙwan kaza rabi ba. A 2017 masana a Jami'ar Stanford suka fito da gajeriyar hanyar haɗa shi a ɗakin bincike. An gwada shi a kan ciwon daji da cutar mantuwa ta tsufa, amma gwajin bai kai ga mayar da shi maganin da ake ba marasa lafiya a asibiti ba. Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa ya ce yana sayar da maganin daji daga teku, ku riƙe kuɗinku ku tafi asibiti.

DABBA ƊAYA CE KO DA YAWA?

In abokan mai wasiƙarmu suna son sabuwar gardama, ga ta. Ta wajen baki da ciki da ƙwaƙwalwa, suna da yawa. Ta wajen asali ɗaya ne, domin duk daga ƙwai guda suka fito, abincinsu yana ratsa bango, saƙonsu ma haka, kuma dogarin da ba shi da baki ba zai rayu shi kaɗai ba. Kowace amsa da gaskiyarta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna gode wa wannan ɗalibi namu. Mutane nawa ne suka taka irin wannan ɓawo suka wuce? Shi ya duƙa ya ɗauka, ya duba, kuma da yake ya iya rubutu, tambayarsa ta iso har nan. Matambayi ba ya ɓata. Duk wanda ya ga wani abu a gona ko a rafi ko a wurin cin rani da ya ɗaure masa kai, ya rubuto mana da hannunsa, ko da layi uku ne, ya ba malamin ajinsu ya kawo.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Me ya sa ɗan yawon Bugula yake gaggawar neman masauki?
2. Ta yaya dogaran gari suke samun abinci alhali ba su da baki?
3. Mene ne bambancin jijiyar jini da jijiyar saƙo?
4. Me ya faru da aka taɓa mazurari, me kuma ya faru da aka taɓa rufin ɗaki?
5. Rubuta layi biyar a kan wata halitta ta garinku mai zaman taro, kamar zuma ko gara ko tururuwa.

Malamai su karanta wannan shafi a aji sau biyu, sannu a hankali, su kawo saƙar zuma ko zanenta don misali.